Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗan Majalisar da Ya Yanka wa Rana Farashi

Makon jiya na yi alkawarin zan ba ku labarin haihuwar Auta a Bonn. Ku yi mini afuwa, sai wani jiƙon. Yaya ne ya kira ni ranar Laraba, kuma tun da na ajiye wayar ba abin da ke yawo a kaina sai Hermann Scheer, wani ɗan majalisar Jamus, da maganar Baba.

Wanda ya san gidanmu ya san maganar. Duk sa'ad da aka zo sa ranar wata daga cikin 'yan'uwanmu mata, Baba, Allah ya jiƙansa, yakan gyara zama a kan buzu, ya sa a raba goro, sannan ya ce, "Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya." Inna ba ta son jin wannan karin magana, don ita ce uwar ɗiyar, ita ce za ta shiga fafutukar gado da katifa da kwanuka. Ni kuwa da ƙuruciya na ɗauka ranar sama yake nufi. Yaya ya daɗe yana yi mini dariyar wannan wauta.

Na sauka Jamus ta Yamma a ƙarshen 1985, cikin sanyin da ban taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba. Koyon aikin lantarki na zo, na shekara biyu, ga ni har furfura. Ban cika wata shida ba tashar nukiliyar Chernobyl ta fashe, a Afrilun 1986. Can Tarayyar Sobiyet abin ya faru, amma iska ta kwaso gubar ta kawo mana har gida. Aka riƙa jan kunne a kan madara da ganye, aka hana yara wasa a yashi. Ranar na fara ganin Bajamushe yana tsoron ruwan sama.

Maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa ɗan mai haƙar kwal ne daga yankin Ruhr, ɗan jam'iyyar SPD na gado. A wajensa kwal tuwon gidansu ne. Daga bakinsa na fara jin sunan Scheer, kuma da zagi na ji shi. Wai ga wani ɗan jam'iyyarsu da ke cewa za a iya tafiyar da Jamus, da masana'antunta na ƙarfe da na mota, da hasken rana da iska. A ƙasar da sai ka yi mako uku ba ka ga inuwarka ba! Ni ma na taya shi dariya, ba zan ɓoye ba. Yaron gida ai ba ya ƙin dariyar maigida.

Daga baya na bi diddigin mutumin. An haife shi a 1944. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, a cibiyar binciken nukiliya ta Karlsruhe ya yi aiki kafin ya shiga Bundestag, majalisar dokokin tarayyar Jamus, a 1980, wato ya san cikin tukunyar da yake kushewa. Waiblingen ce mazaɓarsa, kusa da Stuttgart, yankin da jam'iyyar CDU ke da ƙarfi, kuma bai taɓa cin kujerar kai tsaye ba. A nan ƙuri'a biyu ake jefawa, ɗaya ta mutum, ɗaya ta jam'iyya, to ta jerin sunayen jam'iyya yake shiga kullum. Da harkar rage makamai ya fara. Yana kuma cikin wakilan da Jamus ke turawa Strasbourg, zauren 'yan majalisun ƙasashen Majalisar Turai, har ya shugabanci kwamitin noma a can. A 1988 ya kafa ƙungiyar Eurosolar a nan Bonn, ya riƙe ta har ya mutu. Shekara 30 a majalisa, bai taɓa zama minista ba. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi, zan dawo kansa.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu. Aure, haihuwa, rushewar katangar Berlin, jan waya a gidajen mutane. Baba ya rasu ban samu jana'iza ba.

Sai 1998, Gerhard Schröder na SPD ya kafa gwamnati da jam'iyyar masu rajin kare muhalli. A ranar 1 ga Afrilun 2000 dokar makamashi mai sabuntuwa ta fara aiki. Ba daga ofishin wani minista aka sauko da ita ba, 'yan majalisa ne suka zauna suka rubuta, Scheer da Hans-Josef Fell na masu kare muhalli a sahun gaba. Ga yadda take a lokacin, don a nan dabarar take. Duk wanda ya ɗora farantin sola a rufinsa, dole kamfanin wuta ya haɗa shi da layi, dole ya sayi wutarsa, a kan farashin da doka ta yanka, har shekara 20. Na rana fenik 99 ne kowane yunit, saura ƙiris ya cika mark ɗaya, kuɗin Jamus na wancan lokacin, ninkin-ba-ninkin abin da muke biya a mita. Kuma kowace shekara ana rage farashin ga sababbin shiga, don masu ƙera faranti su san ba za a yi ta ba su a baki ba. Manomi da ke da rufin rumbu ya duba, ya ga banki zai ba shi bashi ido rufe, tunda kuɗin shekara 20 a rubuce yake. Shi ke nan.

Maigidana mai zagi? Cikin shekara biyu mun bar jan waya mun koma hawa rufi. Ya ƙara mota, ya ƙara ma'aikata. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Na lura manya ba sa faɗa, a Jamus ko a Kano.

Ba zan ce dokar ba ta da tabo ba. Kuɗin da ake biyan masu rufi a kan takardar wutar kowa aka raba shi. Mu 'yan haya, da ba mu da rufi, mun biya wa masu gida. Uwargida ta sha ɗaga takardar ta nuna mini, tana cewa, "Ga mutuminka nan, ya sake aiko mana gaisuwa."

To, ga inda ciwon yake. A 2003 na haɗa abin da na tara, na sayi faranti shida da batir da kayan haɗi, na yi jigilarsu har gida. Niyyata mu ware gefe ɗaya a shagon Baba na Sabon Gari mu fara sayar da sola, in koya wa yaran gida aikin. Aka taru a zaure bayan la'asar, Kawu yana nan, Baffa yana nan. Na yi bayani har da zane a takarda. Yaya ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Bajamushe, a garin da rana ke kashe kaji za ka zo ka sayar mana da rana? Har yanzu ba ka gane maganar Baba ba ke nan." Zaure ya kwashe da dariya. Kawu har da share hawaye. Ina da shekara 41, da 'ya'ya uku, aka mai da ni yaron nan da bai san bambancin ranar aure da ranar sama ba.

Kuɗin da na kawo, Yaya ya ce a zuba a ƙananan janaretoci 'yan China, shi ne babba, shi ke riƙe da shago. Na ce, "To, Yaya." Me zan ce a gaban Kawu? Kuma don Allah ya gani, ya ci riba. Faranti a lokacin tsada gare shi, mai shayi ba zai iya ba, janareta kuwa ana wawarsa. Ban ce lissafinsa bai fita ba. Dariyar ce ban yafe ba, da yadda har yau ba a taɓa zama an ce ga abin da kuɗina ya haifa ba. Farantan kuwa aka jingine su a ɗakin ajiya. Da na koma bayan shekaru na tarar Inna ta fitar da ɗaya tana shanya kuɓewa a kai. Ta ce yana busar da ita da wuri.

Sau ɗaya na ga Scheer ido da ido, a wani zauren taro a Bonn. Ina can baya. Na so in je in gaishe shi, in ce masa ni ma an yi mini dariya a zaurenmu, sai na ji nauyi. Wa zai fahimci zancen kuɓewa?

Na ce ku riƙe maganar minista. A 2008 Andrea Ypsilanti ta jam'iyyarsu ta SPD ta sa shi cikin waɗanda za ta naɗa idan ta kafa gwamnatin jihar Hesse, zai riƙe tattalin arziki da muhalli. Ana gobe majalisar jihar za ta kaɗa ƙuri'ar zaɓenta, a watan Nuwamba, 'yan majalisa huɗu na jam'iyyarsu suka fito suka ce ba da su ba. 'Yan gida, ba abokan hamayya ba. Na kashe talabijin a daren, Uwargida ta ce kamar ni aka hana. Sai kuma hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, wadda ya shafe shekaru yana bin majalisu da gwamnatoci yana roƙon a kafa. Aka kafa ta a nan Bonn ranar 26 ga Janairun 2009, ƙasashe 75 suka sa hannu. Jamus ta sa ido a kan hedikwata, ba ta tsayar da shi shugabanci ba, hedikwatar kuma ta tafi Abu Dhabi, aka bar wa Bonn reshe. Ba tsuntsu ba tarko. Ya rasu a Berlin ranar 14 ga Oktoban 2010, yana da shekara 66. Wata biyar bayan haka Fukushima ta faru a Japan, gwamnatin Merkel da ta tsawaita wa tashoshin nukiliya wa'adi ta yi kwana, ta ce a rufe su. Rana ba ta ƙarya. Sai dai shi bai ga ranar ba, kamar yadda Baba bai ga auren ƙaramarmu ba. 'Yar Scheer, Nina, na majalisar yanzu.

Abin da Yaya bai sani ba, ko ya sani ya ƙi faɗa, shi ne wannan. Saboda Jamus ta yi alkawarin saye, masana'antun China suka buɗe suka yi ta ƙera faranti har farashinsa ya faɗi warwas. Kamfanonin Jamus da yawa suka rufe, har da babba a nan Bonn, abokan aikina sun rasa abin yi. Amma farantin da yau ake jerawa a bakin titi a Sabon Gari, wanda mai cajin waya a ƙauye ke iya saye, da kuɗin takardar wutar Uwargida aka sauko da shi. Wutar da ke fitowa daga rana da iska da makamantansu ba ta kai kashi 7 cikin 100 ba a Jamus lokacin da aka yi dokar. A 2023 ta haura rabi, shekarar da aka rufe tashoshin nukiliya uku na ƙarshe. Shekarar ce kuma aka cire tallafin mai a Najeriya, janareta ya koma abin kallo a gidaje da yawa.

Ranar Laraba, bayan gaisuwa da tambayar iyali, Yaya ya yi gyaran murya irin na Baba. "Bajamushe, batir nawa zai ja firij da fanka huɗu har asuba?" Na yi shiru. Maganar tana kan harshena, wallahi, shekara 20 da ɗoriya ina ajiye da ita. Sai na tuna ya haura 70, ga hawan jini, ga zafin Kano. Na ce, "Yaya, firij ɗin wane iri ne?" Muka yi lissafi kusan awa guda, na hana shi sayen batirin mota, na faɗa masa girman inbatar da zai nema, na ce duk sati a goge ƙura musamman da hunturu. Bai ce komai a kan 2003 ba. Ni ma ban ce ba.

Da za mu yi sallama na sa ya ba babban ɗansa wayar. Na ce ya shiga ɗakin marigayiya Inna ya fito da tsohon farantin nan, ya wanke shi, ya kai shi tsakar gida da azahar ya sa masa mita. Jiya ya turo mini hoton. Gilashin ya yi dishi-dishi, gefe ɗaya har da tabon wuƙar Inna, amma allurar ta motsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, haihuwar Auta, da rigimar da aka yi a kan ragon suna.