Wasiƙa daga Redin: ruwan da waya ta ce za a yi da azahar

Assalamu alaikum jama'ar Gombe. Ina lafiya, Allah ya sa damina ta yi albarka. Na so in ba ku labarin takardun zama da tsadar haya, amma tunda ruwa ya sauka tambaya ɗaya ke cika min waya. Baffana na Kumo ya yi ta, ƙanwata ma ta yi: "Kai da kake karatun yanayi a Ingila, me ya sa waya take cewa za a yi ruwa da azahar, a yi ta jira shiru, sai cikin dare hadari ya taso?"

A garin nan na Redin hedikwatar cibiyar hasashen yanayi ta Turai take, ECMWF, wadda aka kafa a 1975. Manhajojin waya da yawa daga lissafinta ko na Amurka suke ɗibar abin da suke nuna muku. Kwamfuta tana yanka duniya gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida kusan kilomita 9, kuma lamba ɗaya ce ta zafi a ciki, ɗaya ta laima. Iskar da ke hawa sama a tsakiyar hadari kuwa ba ta kai wannan faɗin ba, don haka kwamfutar ba ta ganinta. Sai a rubuta mata ƙa'idar kintace: in zafi ya kai kaza, laima ta kai kaza, ki ɗauka hadari ya haɗu, ki zubar da ruwa. Galibin waɗannan ƙa'idoji suna da gaggawa. Rana na take tsaka suke sakin ruwan, kaɗan-kaɗan, kusan kullum, a ko'ina.

Irin wannan ruwan a nan nake shan sa, kuma wallahi ya ishe ni. Babu hadari, babu tsawa, babu ƙanshin ƙasa. Sama ta yi fari fat kamar tsohon zani, yayyafi ya wuni yana sauka, ya shiga wuyan riga, ya shiga safa. Ka shanya kaya kwana biyu ba su bushe ba. A watan Yuli na tsaya jiran bas da rigar sanyi, yatsuna sun ƙage, mutanen nan kuma suna cewa rani ake yi. Ranar na yi kewar iskar gabas har ƙwalla ta zo min.

Namu ruwan daban ne. Hadari kan haɗu da yamma, sau da yawa a kan tuddai, ya zama jere guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya nufi yamma yana tafiya dare duka. Mafi yawan ruwan yankin Sahel daga irin waɗannan yake zuwa. Kun san iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, ta tada ƙura, mata su ruga kwashe shanya? Ɗigon ruwa ne ke ƙafewa a hanya kafin ya taɓa ƙasa, ya sanyaya iska, ta yi nauyi ta zubo, ta kutsa ƙarƙashin iska mai zafi ta ɗaga ta, sabon gajimare ya haɗu a gaba. Da haka hadari ke ciyar da kansa.

A nan aikina yake. Dole mai lissafi ya zaɓa wa kwamfuta girman ɗigo, da yawan ƙanƙarar da ke saman gajimare, da saurin faɗowarta. Ƙananan ɗigo sun fi saurin ƙafewa. Na taɓa lissafa rana ɗaya ta watan Agusta sau biyu, ban canza komai ba sai wannan zaɓin. A na farko hadarin ya mutu kusa da Dadin Kowa. A na biyu ya ratsa Gombe, ya kai Bauci kafin asuba. Na daɗe ina kallon taswirorin biyu ina tuna gonar Baffa.

Hukumar yanayi ta Birtaniya ta gwada lissafin Afirka baki ɗaya da gidaje masu kilomita 4.5, ta cire ƙa'idar kintace, ta bar hadari ya haɗu da kansa. Ruwa ya koma yamma da dare, ya ƙara ƙarfi, ranakun da ba a yi ba suka fito fili. Sai dai aikin na cin kwamfuta ƙwarai. Ga shi binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa yawan manyan hadurran Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, to zancen magudanan ruwa a unguwanninmu ba na wasa ba ne.

Baffa, in waya ta nuna kwanaki uku ko huɗu masu laima a jere, ku ɗauke ta da muhimmanci, ku haɗa da sanarwar NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya. Amma kada a fasa watsa taki don waya ta ce za a yi ruwa ƙarfe biyu a Kumo. Ku dubi gabas da la'asar kamar yadda kuka saba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne awo. Nan ƙasar cike take da ma'aunan ruwa da na'urorin rada masu hango ruwa a cikin gajimare, kowane kuskure a gan shi washegari. Ni kuwa in zan gwada lissafina da abin da ya sauka a Deba ko Bajoga, sai in dogara da tauraron ɗan'adam. Malaman makarantun sakandare, ma'aunin ruwa ba shi da tsada. A kafa shi a fili nesa da bishiya, yaro ɗaya ya duba kowace safiya a lokaci guda, ya rubuta milimita a littafi, har ranar da ba a yi ruwa ba ya sa sifili. Na aika wa ƙanwata guda biyu, ɗaya na gonar Baffa ne.

Maganar takardu sai wasiƙa ta gaba. A gaida mutanen gida.