Wanke tagogi da 'yan jinga a Accra

Shekara huɗu ke nan ina karɓar kwangilar wanke gilashin tagogi a ofisoshin Airport City da Osu da wasu gidaje a East Legon, amma har yau ba ni da ma'aikaci ko ɗaya mai albashin wata. Samari shida ne daga Nima da Mamobi muke aiki tare bisa jinga: in samo aikin, mu yi ciniki a kan ginin gaba ɗaya, su gama, in tura wa kowa rabonsa ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, kafin magariba.

Yanayin sana'ar ne ya tilasta mini wannan tsari. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kaɗa, tagar da aka wanke ranar Litinin kafin Juma'a ta yi furu-furu da ƙura, waya ba ta hutawa. Da damina ta kankama a Mayu da Yuni kuwa, sai mu yi mako guda ba a kira mu ba. Mai ma'aikatan dindindin dole ya biya albashi a wannan makon, ya kuma zuba wa SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana, kashi 13 cikin 100 na albashin daga aljihunsa, abin da ƙaramin jari irin nawa ba zai ɗauka ba.

Sai dai ɗan jinga mai gidan kansa ne, kuma na daɗe ban yarda da hakan a zuciyata ba. Wata Asabar na yi wa wani ofishi alkawarin mutum uku, biyu suka zo. Da na kira na ukun, sai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wani gida ne suka riga ka kirana." Raina ya ɓaci, amma ba ni da bakin magana, tunda ban sayi ranarsa ba. Ni na ɗauki bokiti da soso na shiga layin tagogin luba masu falle-fallen gilashi, waɗanda sai an goge kowane falle ciki da waje, bakinsu kuma yana yanka yatsa kamar reza. Tun daga ranar nake tsayar da magana da kowa kwana biyu kafin aiki, in ba da kafin alƙalami.

Tsani da igiya da bel ɗin ɗaure ƙugu kuwa ni nake saye, ni nake dubawa kowace safiya, ko da yake a ƙa'ida ɗan jinga da kayansa yake zuwa. Unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya, kuma idan yaro ya faɗo daga hawa na uku, mahaifiyarsa ƙofar gidana za ta zo.