Duna ya fara miƙo ƙafa da kansa

'Yan uwa masu koyon kula da karnuka, ga inda aiki ya kai da Duna, baƙin karen gadin da nake koyon yankan farce a kansa. Ƙafafun gaba sun kammala, na baya saura kaɗan, kuma har yau ban sa wani ya danne mini shi ba. A kan dannewar nan nake so mu tsaya, don na ga da yawanmu muna ɗaukar cewa in mutum biyu suka kwantar da kare aka yanke farata goma sha takwas a zama ɗaya, an yi nasara. An gama na ranar dai. Wata mai zuwa kuwa sai an nemi mutum uku, kuma karen da a da gudu yake yi ya koyi cizo.

Duna a ɗaure yake yini a kan rairayi, da dare a sake shi cikin gida. Karen mafarauta da ke keta daji da fako, ƙasa ce take goge masa farata. Na gadi ba ya samun haka. In ya bi ta kan siminti kana jin ƙas-ƙas, alamar sun yi tsawo ke nan. Dogon farce yana tura yatsa baya ko gefe, ya canza yadda kare ke taka ƙasa. Wanda ya fi damuna shi ne ɗan farcen gefe da ke can sama ta cikin ƙafar gaba, wanda ba ya taɓa ƙasa sam. Na Duna ya lanƙwashe, saura ƙiris ya shige nama.

Da farko ko abin yankan ban buɗe ba. Nakan ajiye shi a ƙasa, in ya shinshina in ba shi ɗan yankin dafaffiyar hanta, in ɗauke in tafi. Daga nan sai taɓa kafaɗa, sai gwiwa, sai tafin ƙafa, sai matsa yatsa ɗaya a hankali, kowanne da ladansa. Tsarin yana da muhimmanci: taɓawa ce da farko, nama daga baya. In ka fara nuna nama sannan ka kai hannu, kare zai koyi cewa nama tarko ne, ya daina karɓa. Wannan dabara tana da tushe a binciken Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya samu kyautar Nobel a 1904, wanda ya nuna cewa kare yana haɗa wata alama da abin da ya saba biyo bayanta. Mu so muke yi ganin abin yanka ya zama albishir ɗin hanta. Ƙarar ma sai da na sabar masa da ita daban: ina karya busasshiyar taliya da abin yankan kusa da shi, ƙat, sai nama.

Kada a ba da tsire ko kilishi, duk da kare zai so su. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga kuma yaji. Dafaffiyar kaza ko hanta ba gishiri ta wadatar, a yanka ƙanana ƙwarai don kada ya ƙoshi da wuri.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne karanta jikinsa. Kafin kare ya yi gurnani ya riga ya yi magana sau da yawa: lasar hanci, hamma ba barci, kau da kai har farin ido ya bayyana, kunnuwa su kwanta, jela ta shige tsakanin ƙafafu, jiki ya sandare. Duna da hamma yake farawa. Da na gan ta nakan saki ƙafar, in koma matakin da ya fi masa sauƙi, in rufe zaman a nan. Kuma don Allah kada a daki kare saboda ya yi gurnani. Gargaɗi ne yake maka, in ka hana shi gargaɗi, wata rana haƙori kawai za ka ji.

Yankan kansa, a baƙin farce sai an natsu. A cikin kowane farce akwai ɗanyen nama mai jijiyoyin jini da na jin zafi. A farin farce ana hango shi ja-ja ta jikin farcen. A baƙi ba a ganin komai, don haka nake yanka siriri-siriri kamar mai yanka albasar miya, ina duba bakin wurin bayan kowane yanka. Da fari za ka ga fari-fari mai gari. In wani ɗigo mai duhu da sheƙi ya fito a tsakiya, tsaya, ka zo gaɓa. Da rana nake yi a tsakar gida inda haske ya wadata, da kaifaffen abin yanka irin mai kama da filaya, domin dakusasshe matse farce yake yi kafin ya yanke, matsewar kuma tana da zafi. Ina ajiye hodar tsayar da jini kusa. In babu ita, fulawa ko lallausan garin masara ya yi: a danna a bakin farcen a riƙe na 'yan mintoci.

Faratan da suka daɗe ba a yanke ba, naman cikinsu ma ya yi tsawo, shi ya sa ba a mayar da su daidai a rana ɗaya. In ana rage baki kaɗan duk mako ɗaya ko biyu, naman yana ja da baya. Na Duna har yanzu sun ɗan fi yadda nake so, amma ƙas-ƙas ɗin ya ragu sosai. Akwai ranar da farce ɗaya tak muke yi mu tashi, kuma na gamsu da hakan.

Na haɗa masa wani katako da na manna wa sanfefa, na koya masa karce shi don ya samu nama. Yana goge faratan gaba da kyau, musamman na tsakiya, sai dai bai kai ga farcen gefe ba, kuma dole a riƙa duba tafin ƙafa kada ya goge.

Kafin ku kai hannu ƙafar kowane kare, ku nemi ganin katin allurar haukan kare. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos tana yin wannan allura, kuma asibitocin dabbobi suna yi wa karnuka. In an ciji mutum ko an yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti. Karen da ya riga ya taɓa cizo, a sabar masa da takunkumi mai raga ta irin wannan hanya ta lada. Wanda kuma tsoronsa ya kai ko nama ba ya karɓa, wannan aikin likitan dabbobi ne, akwai magungunan rage fargaba da yake rubutawa gwargwadon nauyin kare. Kada a ba shi maganin mutane, irin su ibuprofen suna iya lalata masa ciki da ƙoda.

Yanzu in na zauna a tabarmarsa na buɗe tafin hannu, Duna yana ɗora ƙafar gaba da kansa. Ta baya ce ba ya so a ja ta gefe, don haka zan gwada yana tsaye, in lanƙwasa ta baya yadda gaɓar take lanƙwasuwa, tafin yana kallon sama. Wanda ya taɓa gwada hakan da kare mai tsoro, ina son jin yadda ya riƙe cinyar.