Bulok ɗin kamfani yana da iyaka, ko ka yarda ko kada ka yarda

Ranar Asabar da ta wuce ɗan wani abokina ya shigo garejina a nan Greensboro, a jihar Arewacin Karolina, yana jan tirela da injin lita 5.3 a kai, irin wanda ake cirowa daga motocin ɗaukar kaya na Chevrolet. A filin gwangwan ya sayo shi. A kujerar baya kuma ga kwalin turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, da ya yi oda ta intanet. Ya ce, "Kawu, so nake ka ɗaura mini shi kafin ƙarshen wata, zan shiga tseren mota, ajin da ba a canza ƙasan inji." Na ce, "Ɗana, ka buɗe ka duba zoben fistin?" Ya ce ai ba sai an buɗe ba, ya ga wani a YouTube ya fitar da ƙarfin doki 1,000 da irinsa. Na nemi takardar dokokin ajin, ya ce tana cikin waya, bai gama karantawa ba. Hular kwano fa? Zai ara. Raina ya ɓaci fiye da yadda maganar ta kai, kuma na san dalili. Abin da na yi ne yake shirin maimaitawa, inji kawai ya bambanta.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, tseren miƙe ne. Mota biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba da kore, a taka totur har layin ƙarshe. Asalin tsawonsa rubu'in mil ne, kimanin mita 402, amma a nan kudancin Amurka yawancin ƙananan filaye rabin haka ake gudu, mita 201. Wally Parks ya kafa NHRA, hukumar da ke kula da wannan tsere, a 1951 domin a janye samari daga tsere a kan titi a kai su fili mai shinge da motar asibiti. Ƙarƙashin manyan 'yan tseren da ake gani a talabijin akwai mu, makanikai da direbobin tirela da masu gyaran famfo, kowa da ajinsa, kowane aji da dokarsa. Dokar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce ta bulok, wato gangar jikin injin da silinda ke ciki. Wani aji ya ce lallai sai wanda kamfanin motar ya zuba, har lambar zubin da ke jikinsa ake dubawa. Wani ya ƙara da cewa ba a cika hanyoyin ruwansa da komai. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya zo da bulok na musamman ya kore talaka daga fili.

Ni a Ƙofar Ruwa a Kano na koyi aiki, a kan Fijo 504, kuma na zo ƙasar nan da tabbacin cewa babu injin da zai gagare ni. Da na ɗan samu sarari na sayi tsohuwar Mustang ƙirar 1989 mai injin 302, wanda ake kira 5.0. Inji ne mara nauyi, mai son gudu, kayansa kuma ko'ina akwai. Kowa a fili ya san aibinsa. Ƙarfen zubinsa siriri ne, noti biyu kacal ke riƙe kowace marufar karanshaf, kuma idan aka kusanci ƙarfin doki 500 yakan tsage daga ƙasa, tsagar ta bi ta ramin kamshaf ta haura sama, har ya rabu gida biyu. Ba sau ɗaya aka gaya mini ba. Wani dattijo da ke aikin gyaran silinda ya faɗa mini a fuskata ranar da na kai masa bulok ɗin ya faɗaɗa. Na ji shi, na biya shi, na fita ina cewa a raina ai su ba su iya haɗa inji ba ne.

Na sa doguwar karanshaf, girman injin ya tashi daga 302 ya koma 347. Na canza kan silinda. Motar ta fara cin wasu, ni kuma na fara jin daɗin yadda ake zagayowa ana leƙa bonet ɗina. Daga nan na ɗaura tulun iskar naitiros, wadda ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi, saboda ajin ya halatta. A nan dai ina so a yi mini adalci. Wace irin doka ce za ta hana ka bulok mai ƙarfi, sannan ta bar ka ka zuba wa mai rauni wuta iya son ranka? Har yau ina ganin waɗanda suka rubuta ta suna da nasu alhakin. Amma kuma su ba su riƙe hannuna sun ƙara girman bututun iskar ba. Ni na ƙara, na sake ƙarawa, duk lokacin da wani ya wuce ni.

Abin da ya fi damuna ban taɓa gaya wa ko abokaina ba sai yanzu. Akwai wani gari mai kama da siminti da ake kwaɓawa a zuba a hanyoyin ruwan bulok, ya daskare ya tallafi bangon silinda. Ajinmu ya haramta shi. Na zuba, da dare, ni kaɗai a gareji, har kusan rabi. Na ce wa kaina ba don in fi kowa gudu ba ne, don injin ya daɗe ne, kuma na rantse ba ni kaɗai ke yi ba. Wataƙila gaskiya ne. Sai dai ha'inci ha'inci ne, na kuma sa hannu a takarda na ce motata ta cika ƙa'ida. Ga shi ko amfanin da nake nema ban samu ba, domin garin bangon silinda yake taimako, raunin 302 kuwa a ƙasa yake, wajen da karanshaf ke kwance. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne ruwan sanyaya ya ragu, baƙin mai ya riƙa zafi fiye da da. Na kuma sayi wani farantin ƙarfe da ake ɗaurewa a kan marufun karanshaf. Tsofaffin fili sun ce abin da yake yi kawai shi ne ya riƙe ɓaraguzan wuri guda idan bulok ya fashe, kuma haka na gani da idona.

Injin ya yi mini gargaɗi. Na ga ɗigo-ɗigon alminiyam a bakin filogi. Da na kwance marufun karanshaf na ga alamar suna motsi suna gogar mazauninsu. Na goge, na mayar, na ɗaure, saboda akwai gasa a ƙarshen mako kuma ina kusa da saman jadawali. Kuɗin da zan saya sabon bulok ba ni da shi, don na riga na taɓa wanda na ware domin kwanon rufin ɗakin mahaifiyata, uwargida kuma ba ta sani ba. Na ce idan na ci gasar zan mayar. Kyautar ma ko kuɗin tayoyi ba ta kai ba, amma haka na lissafa.

Dab da layin ƙarshe ya fashe. Ƙara ɗaya na ji, sai hayaƙi, sai baƙin mai da ruwa suka kwarara ƙarƙashin tayoyin baya. Motar ta juya ta nufi ɗaya layin, inda wani mutum yake gudu, 'ya'yansa kuma suna bakin shinge suna kallo. Allah ne ya kiyaye, ba iyawata ba. Ya wuce, ni na daki bango da gefe. An rufe fili ana goge mai, mutanen da suka biya kuɗinsu suna zaune suna jira saboda ni. Jami'in duba motoci bai ma buƙaci bincike ba, ga simintin nan a fili a cikin tsagar. Ya kalle ni, bai ɗaga murya ba, ya ce kada in dawo sauran kakar. Na yi fushi da shi na tsawon lokaci. Ina cewa ai wasu ma sun yi, ni aka gani don ni baƙo ne. Ban da wata hujja a kan haka, zafin kunya ne kawai. Damina ta sauka a Kano a shekarar ɗakin tsohuwa yana yoyo.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari masu yawa, ku samari, amma na lura ba ku karanta abin da ya wuce tsawon allon waya, don haka ga kaɗan.

Ku karanta dokar aji kafin ku sayi ko noti ɗaya. Duka, har ƙananan rubutun. Idan aji ya ce bulok na kamfani, to ya riga ya gaya muku iyakar ƙarfin da za ku nema, ko da bai rubuta lamba ba. Wanda ke son abin da ya fi haka ya tara kuɗi ya sayi bulok irin na kamfanin Dart mai kaurin bango da noti huɗu, ya koma ajin da ya yarda da shi. Kada ku zauna a ajin talakawa da burin masu kuɗi. Ko da yake, in gaskiya za a bi, ban ma so ku sayi bulok ɗin nan ba. Kuɗi ne mai yawa a kan abin da ba zai dawo muku da sisi ba, kuma yawancinku iyayenku suna aika kuɗi gida daga guminsu. Da za ku ji tawa da kun bar tseren gaba ɗaya.

To amma na san ba za ku bari ba, kuma idan na hana ku fili, titi za ku koma da tsakar dare, kamar yadda yaranmu a gida ke wasan mota a bikin aure suna take mutane. Don haka ku je fili. Ku fara da tseren da ake rubuta lokaci a gilashi: kai za ka faɗi sakan nawa motarka za ta yi, a ba mai jinkiri damar fara tashi, kuma idan ka yi sauri fiye da abin da ka rubuta ka faɗi. A can motar cefane ta kan kayar da mai ƙarfin doki 800, don abin da ake aunawa shi ne idonka a kan fitila da kuma motar da ke maimaita lokaci ɗaya kullum. Injin da ba a matsa masa ba shi ke iya wannan. Na san abin da za ku ce, wai babu armashi, ba ya kyau a bidiyo. Wannan bidiyon shi ya lalata ku. Kuna ganin ranar da inji ya yi 1,000, ba a nuna muku ranar da aka kwashe shi da shebur ba. Mu da muka yi wautarmu aƙalla mun san sunan kowane ƙarfe da muka fasa.

Bulok ɗin 5.3 na ƙarfe ya fi 302 nesa ba kusa ba, wannan ba na musu. Noti shida ke riƙe kowace marufa, huɗu daga ƙasa biyu daga gefe, shi ya sa yake jure turbo. Amma raunin ya koma wani wuri ne kawai. Kamfani ya bar 'yar tazara tsakanin bakunan zoben fistin daidai zafin motar kaya. Turbo na ƙara zafi, zoben ya kumbura, bakunan su haɗu, ba inda za su, sai su ɓalle gefen kan fistin. Aikin yini guda ne a ciro fistin a goge bakin zoben a faɗaɗa tazarar, idan dokar ajinku ta yarda. In ba ta yarda ba, ku rage iskar turbo. Kuma ku sani, abin da ya fi kashe inji shi ne mai ya fashe kafin lokacinsa a cikin silinda, saboda fetur mai rauni, ko ƙarancinsa, ko an tura lokacin wuta gaba da yawa. Da naitiros, abin da aka saba shi ne a ja lokacin wuta baya kamar digiri 2 ga kowane ƙarin doki 50. Na san wannan ƙa'idar a lokacin, na ƙi bi don motar ta fi tashi ba tare da ita ba.

Kayan kariya kuma ba abin aro ba ne. A dokar NHRA, tsohuwar mota da ta yi sakan 13.99 ko ƙasa a rubu'in mil sai da hular kwano, 11.49 sai da ƙarfen kariya a bayan direba, 9.99 kuwa sai cikakken kejin ƙarfe da lasisin tsere. Yaron da ke da kuɗin turbo amma ba shi da na hula, ban ga abin da zai sa in taɓa masa sifana ba. Ku sa kuma bargon da ake ɗaurawa ƙarƙashin inji ya tare mai idan ya fashe, ko ajinku bai tilasta ba, domin wanda ke ɗaya layin bai yi muku laifin komai ba. In kun ji inji ya canza murya, ku ɗaga ƙafa, ku raɓa gefe ku tsaya nan take, kada ku ja mai har ƙarshen fili.

Bayan kowace ranar tsere ku ciro filogi ku duba a haske, ku yanka matatar baƙin mai ku baje takardar cikinta. In kun ga ƙyalƙyalin ƙarfe, tseren mako mai zuwa ba naku ba ne, ko kuna kan gaba a jadawali. Ku sauke injin ku kai a auna kaurin bangon silinda, a binciki tsaga. Kuɗin aikin kuma ya fito daga aljihunku, da sanin matanku, ba daga abin da aka ware wa gida ba.