Godiya bayan rufe ajin lambu na bana

Alhamdu lillahi. Jiya muka rufe ajin koyon aikin lambu na bana, yau kuwa na tashi babu inda ba ya ciwo a jikina, ƙasa ma ba ta gama fita daga farcena ba. Amma zuciyata wasai take. Duk kun san abin da muka sha, tun daga mutuwar iri har zuwa makonnin da famfo ya ƙafe, ba sai na maimaita ba.

Safiya ɗaya ce dai ta ƙi barin raina. Tumatirinmu na da kwana goma sha biyu da tsirowa, da yamma na bar shi tsaye kore shar, da gari ya waye na tarar ya kwanta layi-layi. Na tsugunna na ɗaga guda ɗaya, sai na ga gindinsa, daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya tsuke ya yi ruwa-ruwa, siriri kamar zare. Na san cutar, ni na koyar da ita a mako na biyu. Funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, tana samun dama idan ruwa ya yi yawa, iri ya cunkushe, iska ba ta ratsawa. Wanda ya kwanta kuma ba ya tashi. Mun zuba iri da yawa, ga ɗalibai kowa na ɗokin ban ruwa, mai zuwa da safe ya ba, mai zuwa da yamma ya ƙara.

Wallahi ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Lissafi nake yi a zuci: in aka sake shuka, sai an jira mako huɗu zuwa shida kafin dashe, ke nan fure zai faɗa tsakiyar zafi, shi kuwa tumatir da zarar zafi ya kai wajen digiri 35 sai ya dinga zubar da fure. Mutanen da suka ba ni amanar lokacinsu, me zan ce musu?

Ina nan zaune sai ga Goggo. Na san za ta yi mini faɗa don na ambace ta, ta yi haƙuri. Ita ce mafi shekaru a ajin, can baya take zama, ba ta rubuta komai, ba ta cika tambaya ba. Ashe duk abin da ake faɗa tana komawa gida ta aikata: ta gauraya ƙasarta da yashi, ta yafa iri da tazara, ba ta ban ruwa sai ta tura yatsa ta ji ƙasa ta sha iska. Ta dubi wurin, ba ta ce uffan ba, ta juya. Da la'asar ta dawo da babban daro lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ta haƙo fiye da rabin irinta, kowanne da dunƙulen ƙasarsa don kada saiwa ta ji ciwo. Ta ce, "'Yar nan, tashi ki wanke fuskarki. Rana ta yi sanyi, yanzu ne lokacin dashe, ke kika koya mana." Ban iya ce mata komai ba. Tare muka dasa, tana auna tazara da kamu biyu na hannunta, har duhu ya hana mu gani.

Goggo, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna. Yadda kika rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki duniya da lahira. Allah Ya ƙara miki lafiyar gwiwa, Ya albarkaci zuriyarki, Ya sa su yi miki fiye da abin da kika yi mana.

Malamin gona, wanda ya zo sau uku bai karɓi ko kuɗin mota ba, mun gode. Shi ya sa muka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gaba ɗaya, muka wanke tukwanen reno da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma. Shi ya fara ganin farin zanen da tsutsar Tuta absoluta ke bari cikin ganye, muka tsinke ganyayen tun ba ta bazu ba. Baba mai gadi, da ka riƙa jido ruwa a baro da asuba lokacin da famfo ya tsaya, alhali ba aikinka ba ne, Allah Ya biya ka. Samarin da suka kula da ciyawar fili, na ga kun riƙe darasin nan na kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda, shi ya sa har yau ba ta ƙone ba. Maigida, kai ka san naka, Allah Ya bar mu tare.

'Yan uwana na jini da suka ce za su zo ranar dashe, suka sake cewa ranar rufewa, na ajiye muku kujeru a gaba har aka tashi. Na san kowa da uzurinsa, ban riƙe kowa ba. Ko kiran waya ne dai da ya sanyaya mini rai a makon nan.

Ɗalibai, kada ku sake sa tumatir a fangalin da ya fito, haka barkono da gauta, danginsu ɗaya, cututtukansu ɗaya. Ku sa wake ko alayyafo. Wanda butar ban ruwa ke hannunsa ya dawo da ita ranar Asabar. Daga nan kuma za mu wuce gidan Goggo da taki da baro, don rabin lambunta har yanzu fili ne.