Kingston Wall a kunnen ɗan Fagge

A hunturuna na biyu a Helsinki ina aikin dare, muna raba kaya a mota ni da wani dattijo ɗan ƙasar, mai dogon gashi da furfura ta cinye. Mutumin nan ba ya magana. Sai mu yi awa uku a hanya ban ji komai daga bakinsa ba sai "joo", wato to. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai bayan tara na safe, kafin uku da rabi ta faɗi, ni kuwa lokacin ina barci, saboda haka sai in yi mako guda ban ga hasken kirki ba. Wani dare ƙanƙara na zuba, ya zaro wani faifan CD daga aljihun ƙofar mota, kwalinsa ya fashe an liƙe da salatif, ya tura cikin rediyo.

Jita ce ta fara fitowa, amma ba irin ihun da na saba ɗauka shi ne kiɗan rok ba. Lanƙwasa take yi, tana hawa tana gangarowa kamar muryar mawaƙiya a fim ɗin Indiya. Nan take na ganni a shagon ɗinkin Yaya a Fagge, keke na ƙara, alli a bayan kunnensa, kaset ɗin waƙoƙin Indiya na juyawa a tsohuwar rikoda da ake tokare murfinta da ashana. Na tambayi dattijon su waye waɗannan. Ya ce Kingston Wall. Sai ya ƙara kalma ɗaya: Petri.

Petri Walli shi ne mai jita kuma mawaƙin ƙungiyar, shi ya kafa ta a Helsinki a 1987 yana ɗan shekara 18. Jukka Jylli ke riƙe da jitar bas, Sami Kuoppamäki kuma ya karɓi ganguna a 1990. Su ukun ke nan. Faifai uku kacal suka fitar, a 1992 da 1993 da 1994, a ƙarƙashin ɗan kamfaninsu na kansu mai suna Trinity, kuma ba su ma wahalar da kansu wajen raɗa wa biyun farko suna ba, lamba kawai suka sa. Da Turanci suke waƙa, amma duniya ba ta san su ba a lokacin. Wasanninsu kusan duk a cikin Finlan aka yi su.

Ashe kunnena bai yi ƙarya ba. Petri ya sha zuwa Indiya, musamman Goa, ya kwaso salon can da na Gabas ya zuba a kan tushen da ya koya daga Jimi Hendrix da Led Zeppelin. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne gidan da ya fito. Yayansa da suke uba ɗaya, Hasse Walli, makaɗin jita ne da ya zauna a Dakar, ya kafa ƙungiya da makaɗan Senegal suna kiɗan mbalax. Sakari Kukko, wanda ya busa saksafon a faifai na biyu, shi ma tsohon abokin kiɗan 'yan Senegal ne. Wato gida ne da tagoginsa ke buɗe, iskar kudu na shiga.

Faifai na biyun nan shi ne nawa. Akwai waƙar da ke farawa a hankali, saksafon na kuka can ƙasa-ƙasa, jita na amsa masa, har kusan minti bakwai ba wanda ke gaggawa. Ganguna kuwa, wanda ya san yadda makaɗin kalangu ke bin ƙafar mai rawa zai gane abin da Sami ke yi wa Petri: ba ya gabansa, ba ya bayansa, duk inda ya karkata yana nan. Na ɗauki minti ɗaya a waya na tura wa Yaya ta WhatsApp. Da asuba ya aiko da murya: "Kai, wannan ai Indiya ce aka sa mata wutar lantarki. Turawan ne suka yi?"

Na ukun ban gama shiri da shi ba har yau. Kiɗan ya haɗu, an ƙara na'urori, waƙoƙin na shiga cikin juna ba tsayawa. Amma kalmomin sun jingina da tatsuniyar wani mutum mai suna Ior Bock, wanda ya yi iƙirarin cewa asalin ɗan Adam daga yankin Helsinki yake, har mabiyansa suka yi ta haƙa wani dutse a Sipoo suna neman tsohon wurin bauta. Petri ya yarda da wannan zance ƙwarai. Ni ban yarda ba, kuma yana yi mini ciwo in ji yaro mai irin wannan baiwa ya miƙa hankalinsa ga abin da bai kai ya riƙe shi ba.

A Disamba 1994 suka yi wasansu na ƙarshe, a gidan yarin Sörnäinen, gaban fursunoni. Ranar 28 ga Yuni 1995 Petri ya faɗo da kansa daga hasumiyar cocin Töölö, yana da shekara 26. Akwai masoyan da ke ba da labarin nan kamar wani ado ne a tarihin ƙungiyar, abin da ba na so ke nan. Ɗan wasu ne, ƙanin wani ne, rashin lafiya ce ta ci ƙarfinsa. Hanyarmu ta aiki takan bi ta kusa da cocin, kuma na lura dattijon yakan rage sautin rediyo idan mun iso wurin, bai taɓa cewa komai ba.

Bayan rasuwarsa ne sunansu ya yi ta girma. An sake buga faya-fayan a 1998, ƙungiyoyi irin su Amorphis suka fito fili suka ce sun sha daga wannan rijiya, yaran da ba a haifa ba lokacin suna ta koyon salon jitarsa. A 2019 Jukka da Sami suka hau dandali tare da 'yan'uwa uku na ƙungiyar rok ta Von Hertzen Brothers suka sake kaɗa waƙoƙin. Abokin aikina ya je. Da na tambaye shi yaya aka yi, ya ce ya yi kyau, sai ya yi shiru har muka wuce fitilun hanya biyu. Daga nan ya shiga ba ni labarin daren da ya gan su a kulob ɗin Tavastia a 1993, yadda waƙa ɗaya ta kai kusan rabin awa, yadda gumi ke ɗigowa daga rufi, yadda ya fito takalminsa ɗaya ya ɓace a cikin turmutsutsu ya taka ƙanƙara da safa har tashar bas. Ya yi minti ashirin yana magana, har muka wuce gidan da za mu sauke kaya sai da muka juyo.

Ranar da na bar aikin ya miƙo mini faifan nan mai salatif. Yana cikin jakar da zan tafi da ita gida, domin Yaya ya ce in kawo masa ya ji sauran.