Saƙon da ya ce daga banki yake: yadda ake gane na ɓarayi

Duk mai asusu a banki a Damagaram, malamin makaranta ne mai jiran albashi ko ɗan kasuwar Dole mai sayo kaya da kati, wata rana zai ga irin wannan imel. Yakan zo da Faransanci, da tambarin bankin da launinsa, kamar SONIBANK ko BOA ko Ecobank, yana cewa an ga wani motsi a asusunka, za a rufe shi cikin awa 24 in ba ka latsa nan ka tabbatar da bayananka ba. Wa'adin nan shi ne makamin ɓarawo. So yake hankalinka ya tashi ka latsa kafin ka yi tunani, don ya san gaggawa aikin shaiɗan ce.

A da ana gane saƙon da kurakuran rubutu. Yanzu kada a dogara da wannan, da yawansu Faransancinsu tsaf yake. Tambari kuwa kowa na iya kwafo shi daga intanet.

Fara da adireshin mai aikowa. Sunan da ke fitowa a sama, mai aikowar ne ya rubuta wa kansa, yana iya sa duk abin da ya ga dama. A Gmail ta waya, taɓa sunan, ainihin adireshin zai bayyana. In ya ƙare da gmail.com ko yahoo.fr, magana ta ƙare, banki ba ya aika wa masu asusu saƙo da adireshin kyauta. Amma ko adireshin ya yi kama da na gaske, shi ma ana iya ƙirƙirarsa, haka nan sunan banki a kan saƙon SMS. Saboda haka mahaɗin da aka ce ka latsa ya fi muhimmanci.

Ɗora yatsa a kansa ka riƙe, kada ka taɓa ka saki, cikakken adireshin zai fito. Nemi karkataccen layi (/) na farko bayan https://, sai ka karanta kalmomi biyun da ke gabansa. Su ne sunan mai shafin. In ka ga bankinka.com.tabbatarwa.xyz/shiga, shafin na tabbatarwa.xyz ne, sunan bankin ado ne aka jera a gaba. Wasu kuma harafi ɗaya suke musanyawa, lamba 1 a madadin l, ko r da n a haɗe su yi kama da m, abin da ke da wuyar gani a ƙaramin gilashin waya. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, ɓarawo ma yana samun ta kyauta.

Abin da suke nema sananne ne: lambobi 16 na gaban kati, ranar ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayansa. Da waɗannan kaɗai akwai shafukan da ake sayayya a kansu. Inda ake neman ƙarin tabbaci, banki kan turo lamba ta SMS, galibi 6, mai aiki na ƴan mintoci. A nan ne waya ke ƙara. Wani mai ladabi zai ce daga banki yake, Alhaji ko Hajiya a karanto masa lambar da ta shigo don ya soke cirar da ake ƙoƙarin yi. Lambar nan ita ce sa hannunka a kan fitar kuɗin. Karanta saƙon da ta zo a ciki, sau da yawa adadin kuɗin da inda za su tafi suna rubuce. Babu ma'aikacin banki da aikinsa ke buƙatar ta, ko lambar sirrinka ta gishe, wato na'urar cirar kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne dattawanmu da ba sa karanta Faransanci, waɗanda ɗa ko jika ko yaron shagon cajin waya ke karanta musu saƙo. In kai ne mai karanta wa Baba ko Inna, ka gaya musu da Hausa ƙarara cewa lambar da ta shigo ba a faɗa wa kowa ita a waya, ko da ya kira sunansu cikakke.

Akwai kuma saƙon da ke zuwa da fayil mai ƙarewa da .apk, a ce sabuwar manhajar banki ce. In ka saka ta ka ba ta izinin karanta SMS, lambobin tabbaci za su riƙa tafiya wurin ɓarawo ba tare da ya kira ka ba. Manhajar banki daga Play Store ko App Store kawai ake ɗauko ta. Saƙon da ya ce daga BCEAO yake kuwa, wato babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ka tuna babban bankin ba ya buɗe wa jama'a asusu, balle ya rufe naka.

In ka riga ka saka bayananka, mintoci ne ke aiki. Kira lambar da ke bayan katin, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka ce a toshe shi, abin da ma'aikatan banki ke kira opposition. Sauya kalmar sirrin asusun daga wata wayar daban, ka sauya ta imel ɗin ma, don ta can ake sake saita sauran. In layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, garzaya ofishin Airtel ko Moov ko Zamani da katin shaidarka, mai yiwuwa an mayar da lambarka kan wani sim. Kada ka goge saƙon. Ɗauki hotonsa tare da adireshin da lambar da ta kira, ka kai ƙorafi a rubuce reshen bankin, ka karɓi kwafi mai hatimi, sannan ka shigar da ƙara wurin ƴan sanda. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta shekarar 2019 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet. Bayan haka wani na iya kira ya ce zai dawo maka da kuɗin in ka tura jika biyar ko goma ta Nita ko Amana. Mutanen farko ne suka dawo, ka ƙara lambarsa cikin abin da ka kai wa ƴan sanda.